Aljani a Ɗakin Aure: Abin da Yamai Ke Saurare Bayan Isha'i

Duk wanda ya taɓa kwana a Yamai cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke korar mutane daga ɗakuna zuwa tsakar gida, har a yayyafa wa ƙasa ruwa a shimfiɗa tabarmi don neman ɗan sanyin da za a runtsa, ya san cewa bayan sallar isha'i akwai wata murya da ke tashi daga gidaje masu yawa, wadda ba ta mai wa'azi ba ce, ba kuma ta mai labarun duniya ba, murya ce ta mai karanta littafin hikaya daga cikin wayar hannu, yana bin labari kashi bayan kashi, mata sun kewaye wayar kamar yadda kakanninsu suka kewaye tsohuwa mai tatsuniya. A gidan wana da ke unguwar Bukoki na fara kula da wannan al'amari, a wani dare da wuta ta ɗauke, matarsa na yi wa 'yarta kitso da hasken tocila, wayar kuwa an jingina ta da kwanon silba domin sautin ya ƙaru.

Labarin da suke bi ya kai kashi na 40, kuma ga abin da na tsinta a cikinsa. Wata amarya ce takan farka kowace safiyar Juma'a ta tarar da jan lalle a tafin hannunta, alhali ba ta ƙunsa ba, mijinta kuwa, wanda ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya, ya rasa abin da zai gaskata, ko maganar matarsa da ke rantsuwa tana kuka, ko maganar uwarsa da ke cewa yarinyar nan tana fita da dare. Na tambayi matar wana, cikin irin wasan da ke tsakanin ƙanin miji da matar wa, ko ba ta tsoron aljanin da ake zargi da ƙunsa lallen ya biyo waya ya shigo mata gida. Ba ta ko ɗago kai daga kitson ba ta ce, "Malam ƙarami, ni ba aljanin nika saurare ba. Wanga namiji nika jira in gani, shina tsayawa bayan matatai ko shina bin uwatai."

Na daɗe ina juya wannan amsa, domin ta faɗi a taƙaice abin da masu nazari kan cika takardu kafin su kai gare shi. Hikayar soyayya ta yau da kullum, ko a Kano aka rubuta ta ko a Faransa, tafiyarta zuwa ɗaurin aure ce, kuma da zarar an shafa fatiha an raba goro, marubuci ya ajiye alƙalami, kamar dai abin da ke bayan wannan rana bai cancanci tawada ba. Amma hikayar da ta haɗa gaibu da bincike, wadda ake jan ta littafi bayan littafi, ba ta da wannan mafita, saboda tilas ta riƙe mutum biyu a ɗaki ɗaya shekara da shekaru, ta sa ɗayansu yana ganin abin da ɗayan ba ya gani, sannan ta tambaya ko amana tana iya tsayawa inda babu bayyina. Da wuya a sami wani nau'in labari da ya matsa wa zaman aure da tambaya kamar wannan.

Ba kuwa baƙon abu ba ne a wurinmu. Littafin Dare Dubu da Ɗaya, wanda ya daɗe a hannun malamai da Larabci kafin a buga fassararsa ta Hausa a 1924, asalinsa labarin aure ne da zargi ya lalata: sarki ya kama matarsa da cin amana, ya yanke wa dukan mata hukunci, sai wata mace ta yi ta jinyar zuciyarsa da hikaya, tana yanke ta kowace asuba a daidai inda rai ke son ci gaba, wanda shi ne ainihin dabarar da masu sayar da labari a waya ke ci da ita yau. A cikinsa kuma aljanu ne suka ɗauki Ƙamaruzzaman da Budur suka haɗa su a gado ɗaya don gardamar wane ya fi kyau, suka raba su kafin gari ya waye, kowannensu ya tashi da zoben ɗan'uwansa a yatsa, babu mai gaskata shi. Zoben nan da lallen amaryar Bukoki 'yan gida ɗaya ne. Haka nan cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, akwai Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, inda attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa kan ɗan da aka haifa a auren. Tun daga farkon ƙagaggen labarin Hausa na boko ke nan aure da sihiri suke tafe tare.

Yamai ma tana da nata rabon, ko da yake da Faransanci da Zabarmanci da majigi ya fi fitowa. Boubou Hama, wanda gidan tarihi na ƙasa ke ɗauke da sunansa, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta abin da Songhai da Zabarmawa suka sani game da mutanen ɓoye, kuma daga labarinsa ne Moustapha Alassane ya yi fim ɗin Toula a 1973, inda fari ya tsananta har aka ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, ya dawo ya tarar aikin gama ya gama. Oumarou Ganda kuwa, wanda fim ɗinsa kan auren dole da kishiya, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972, ya yi wani mai suna Saïtane inda ya nuna malamin tsibbu yana fakewa da asiri alhali kawalci yake yi tsakanin matar aure da mai kuɗi. Saïtane ya fi kusa da abin da nake nufi, domin Ganda ya gane cewa a mafi yawan lokuta idan aka yaye labulen gaibu, mutum ake tararwa a tsugune a bayansa.

Malaman fiƙihu sun riga marubuta gane haka da ƙarnoni. Mas'alar aure tsakanin mutum da aljan ba tatsuniya ba ce a wurinsu, babi ce da suka yi muhawara a kanta, kuma Badaruddini Shibli, wanda ya rayu a ƙarni na 8 na Hijira, ya tara maganganunsu a littafinsa Akamul Marjan, Suyuɗi ya zo daga baya ya taƙaita shi ya yi ƙari. A can ne aka ruwaito cewa mutanen Yaman sun aika wa Imamu Malik tambaya game da wani aljani da ke neman auren wata yarinya tasu, yana cewa halal yake so, sai Imam ya nuna cewa abin da yake ƙi a ciki shi ne a wayi gari a ga mace da ciki, a tambaye ta mijinta, ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Dubi inda hankalin Imam ya tafi. Bai tsaya kan siffar aljani ko yawan fukafukansa ba, ya tafi kai tsaye ga abin da alƙali ke bukata, wato nasaba da shaida da wanda za a kama da alhaki. Marubucin labarin bincike da ya fahimci wannan ruwaya ya sami rabin sana'arsa, saboda tambayar da ke riƙe da mai karatu ita ce dai tambayar mutanen Yaman a juye: wa ya yi, kuma don me ake so mu ce aljani ne?

A hikayoyin Hausa na yanzu wannan bincike yana da tsarinsa, wanda duk mai saurare ya haddace. Aure na zaune lafiya sai a ga miji ya tsani ganin matarsa ba gaira ba dalili, a ce farraƙu ne. Ko ya zama sai abin da wata ta ce, a ce mallaka. Ko ya bar gari ya ƙi waiwaye, a ce an yi masa kurciya. Ko mace ta yi ta ɓari, manema su yi ta gudu, a ce namijin dare ne, wanda masu ruƙiyya ke kira jinnul ashiƙ. Waɗanda ake tuhuma ba su wuce uku ko huɗu ba, kishiya da uwar miji da ƙawar amarya da tsohon saurayi. Mai binciken kuwa ba ɗan sanda ba ne, malami ne, kuma zaman ruƙiyya a cikin waɗannan littattafai zaman kotu ne sosai: a karanta ayoyi, mara lafiya ta faɗi, murya ta sauya, malam ya shiga tambaya, wane ne kai, wa ya aiko ka, ina aka binne, nawa aka biya. Daga nan sai a tafi a tone bakin murhu ko gindin tsamiya a fito da laya da allurai da gashi.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. Malaman da suka san abin suna faɗa kullum cewa aljani maƙaryaci ne, ba a gina hukunci a kan maganarsa, amma marubutanmu da yawa sun mai da iƙirarinsa hujja yankakkiya, da zarar ya ambaci kishiya shi ke nan an rufe shari'a, ba a nemi shaida na biyu ba. Wannan kasala ce ta fuskar fasaha, domin ta kashe binciken tun bai fara ba, kuma haɗari ne ta fuskar zaman jama'a, domin mai saurare tana da kishiya ta gaske a ɗakin da ke kallon nata. Na san gidan da zumunci ya yanke shekara bakwai a kan abin da wata yarinya ta furta tana cikin zazzaɓi. Marubucin kirki shi ne wanda zai bar aljanin ya yi ƙarya, ya bar malam ya yi kuskure, ya tilasta wa miji da mata su zauna su bi sawu da hankalinsu, har su gano cewa layar da aka tono wanda ya nuna wurin ne ya binne ta.

Turawa sun daɗe da gane daɗin da ke cikin sa ma'aurata su yi bincike tare. Agatha Christie ta fito da Tommy da Tuppence a 1922 suna samari marasa aikin yi bayan yaƙin duniya na farko, ta aurar da su, ta bar su suna tsufa tare da masu karatunsu, har littafinsu na ƙarshe a 1973 inda suka zama tsofaffi masu ciwon gwiwa da jikoki. To, cikin shekaru 20 da suka wuce wani reshe ya tsiro daga wannan itace a Amurka da Ingila, wanda ya kamata mai bin adabin duniya ya san da shi ko da ba zai taɓa ganinsa a shimfiɗar masu sayar da littattafai a ƙasa a bakin Babbar Kasuwa ba, shi ne jerin labarun gaibu da bincike waɗanda masoyan cikinsu maza biyu ne. Akwai PsyCop na Jordan Castillo Price, wanda ya fara a 2006, labarin wani ɗan sandan Chicago mai suna Victor Bayne da ke ganin matattu suna yi masa magana, da abokin zamansa Jacob Marks da ba ya ganinsu. Akwai Whyborne da Griffin na Jordan L. Hawk, littafi 11 daga 2012 zuwa 2019, inda masanin matattun harsuna da tsohon jami'in bincike ke fama da dodanni a wani ƙagaggen gari a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai kuma The Magpie Lord na KJ Charles a 2013, a Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria.

Matsayin shari'ar Musulunci da na al'adarmu kan auren jinsi ba ɓoyayye ba ne ga mai karanta wannan shafi. Ba a ɗaura shi a masallaci ko a ofishin magajin gari a Nijar, Nijeriya kuwa ta kafa doka a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14 a kansa, alhali Faransa ta halatta shi a 2013, kotun ƙolin Amurka kuma a 2015. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan yana da ma'abotansa. Abin da ya ja hankalina shi ne dalilin da ya sa marubutan can suka zaɓi fatalwa da sihiri don ba da labarin irin waɗannan mutane, kuma dalilin a fili yake: mutumin da ke ganin matattu yana ɓoye wa abokan aikinsa don kada a ce ya haukace, da mutumin da ke ɓoye wanda yake so don kada a kore shi daga aiki ko a ɗaure shi, nauyi ɗaya suke ɗauke da shi, kuma marubuci yana iya magana kan na biyun ta bakin na farkon. Shi ya sa da yawansu suke mai da labarin zamanin da doka ke hukunta abin, domin tsoro ya zama na gaske ta fuska biyu. Abin mamaki kuma shi ne, bayan littafi na farko ko na biyu, abin da ke cika shafukan ba ya wuce abin da ke cika na Tommy da Tuppence, wato kuɗin haya da surukai da wanda ya yi ƙarya don kada ɗayan ya damu, da fushin da ke biyo bayan gano ƙaryar. Ana kuma yawan cewa mata ne mafi rinjayen masu karanta su, kamar yadda mata ne ke riƙe da kasuwar littattafan soyayya tun zamanin da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka yi tashe a Kano.

Wanda ya san bori ba zai ga wannan dabara baƙuwa ba. A wurin 'yan bori iska tana hawan dokinta ko goɗiyarta ba tare da duba jinsi ba, mace ta hau Ɗan Galadima ta yi ƙasaita da kyauta irin ta 'ya'yan sarauta, namiji ya hau Doguwa ya ɗaura zane, kuma abin da aka furta a wannan hali ba a kama mutum da shi, don ba shi ya faɗa ba. Masu nazari sun rubuta wannan tun daga Jacqueline Nicolas a yankin Maradi har Adeline Masquelier a Dogonduci, Rudolf Gaudio kuma ya yi littafi a 2009 kan 'yan daudun Kano, waɗanda alaƙarsu da gidajen bori tsohuwa ce, ko da yake kuskure ne a ɗauka daudu da abin da Turawa ke nufi abu ɗaya ne. Abin lura dai shi ne kowace al'umma tana da maganar da ba a yi da bakin mutum, sai a ara wa aljani. A hikayoyinmu maganar ita ce ta matar da ba ta son mijin da aka ba ta, ko mijin da ya kasa sauke haƙƙin aure, ko rashin haihuwar da kowa ya san daga wajen wa yake amma ba mai iya faɗa. Namijin dare yana ɗauke wa gida kunyar duk waɗannan. Akwai kuma mutane a cikinmu, a Yamai da Kano da ko'ina, waɗanda sirrinsu ya fi wannan nauyi, littattafanmu kuwa ba sa ambatonsu sai in za a yi gargaɗi da su a kashe su a babi na ƙarshe.

Hanyar da labarun ke bi su iso Yamai ita ma ta sauya. A da ɗan kasuwa ne ke haɗo su cikin kayan Kano, su biyo ta Maradi ko Birnin Konni, ƙananan littattafai masu siraran takardu, kashi na 1 da na 2 da na 3, a ba da haya a unguwa har bangon ya yage. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya sa ido a kan waɗannan, har a 2007 aka yi taron ƙona wasu littattafai a wata makarantar 'yan mata da sunan gyaran tarbiyya. Yau marubuciya tana ɗakinta tana bugawa a waya, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya kama mutane ta rufe ƙofa ta ce sai an biya, ta rubuta farashin 'yan Nijeriya da naira, na 'yan Nijar da sefa. Da yake yawancin matan Yamai da suka yi makaranta da Faransanci suka yi ta, karatun Hausar boko yana yi wa wasu nauyi, sai masu karantawa a YouTube suka cike gurbin, har Bazabarmiyar da ta koyi Hausa a kasuwar Katako tana bin labarin da aka rubuta a Zariya. Ko mai da Hausa harshen ƙasa da aka yi a Nijar a 2025 zai sa a sami marubutan Yamai da za su sa aljaninsu a ƙarƙashin gadar Kennedy, su ba Harakoy Dikko, aljanar kogin Kwara, matsayin da marubutan Kano ke ba aljanun tsamiya, wannan sai a zuba ido. Kayan aikin dai suna nan jibge a ɗakunan ajiyar cibiyoyin bincike na CELHTO da IRSH, muryoyin tsofaffi a kan faifai, ba mai taɓa su sai ɗaliban jami'a.

Na koma Bukoki bayan mako biyu na tarar an kai kashi na 52. Ashe lallen ba aljani ke ƙunsa shi ba, ƙanwar miji ce ke zuba wa amarya maganin barci a kunu ta ƙunsa mata, kuma mijin ne ya gano, bayan ya ce wa kowa ya tafi Kwatano alhali yana kwance a bayan buhunan gero a ɗakin ajiya har dare uku, sauro na cinsa. Matar wana ta ce wannan ya cika namiji, ta ko kalli mijinta da ta faɗa, shi kuwa ya yi kamar hankalinsa na kan butar shayi. Sai dai a ƙarshen kashin, bayan an kori ƙanwar an yi sulhu, amarya ta farka ranar Juma'a ta ga lallen a ɗaya hannun, mai karatu ya ce a tara a littafi na biyu. Yarinyar da aka yi wa kitso ta ce, "Baba, dala ɗari ne kawai." Wana ya ce ba ya biyan kuɗi a tsorata masa iyali, ya juya ya fuskanci bango, da na fito zan tafi sai ya biyo ni zaure, ya miƙo mini kuɗin a dunƙule, ya ce in tsaya wurin masu aika kuɗi a kan hanyata, kada kuma in ce daga gare shi ne.